Salula a Aji: Tsare Hankalin Ɗalibi ko Danne Haƙƙinsa?

  

Duk ɗan'uwan da ke da ɗa ko 'ya a koleji ko lise a Madawa, Buza ko Keita ya san wannan tambaya, ko da bai taɓa furta ta ba: shin daidai ne a raba ɗalibi da salularsa tun daga ƙararrawar safe har a tashi? Masu cewa eh suna da yawa, kuma sukan amsa da sauri. Wannan saurin ne abin dubawa, domin hukuncin da ya shafi dukiyar wani, da sirrinsa, da zumuncinsa da iyayensa, ba a yanke shi da kaɗa kai kawai.

Sai an fara sanin abin da salula take a ƙasar Adar. Da zarar an cire amfanin gona, maza sukan kama hanyar cin rani: wasu Abijan, wasu Legas da Kano, wasu arewa zuwa Libiya da Aljeriya. Gida ya rage ga mata da tsofaffi da yara. A gida irin wannan, sau da yawa ɗan makaranta shi ne mai iya karanta saƙo. Shi zai ga cewa uba ya turo kuɗi ta Nita ko Amana, shi za a tambaya nawa buhun albasar kwarin Tarka ya kai a kasuwa, shi zai karanta wa kakarsa abin da aka rubuta a takardar likita. A shekarar 2010, lokacin ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wasu daga cikinsu ta hanyar waya, kuma binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi ya nuna cewa waɗanda suka karɓa ta waya sun huta da doguwar tafiya da jiran layi. A jihohin Doso da Damagaram kuma, shirin yaƙi da jahilci na manya da aka haɗa da koyon aika saƙon waya ya fi wanda ba a haɗa ba sakamako a karatu da lissafi. Wanda ya ce salula kayan shaiɗan ce kawai bai yi wa waɗannan gidaje adalci ba.

To, mene ne laifinta a aji? Imamul Gazali (Allah Ya ƙara masa yarda), wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya lissafa ladubban mai neman ilimi a farkon Ihya'u Ulumid Din. Na biyu a cikinsu shi ne ɗalibi ya rage igiyoyin da ke ɗaure shi da shagulgulan duniya, har ma ya nisanci gida da dangi idan hali ya yi. Ya kwatanta tunanin da ya rarrabu da ƙoramar da ruwanta ya watsu: ƙasa ta shanye wani, iska ta kwashe wani, abin da ya rage bai isa gona ba. A kan wannan fahimta ce magabata suka riƙa tura 'ya'yansu karatu gabas ko wani gari mai nisa. Ba ƙin yaron suke yi ba. Sun san cewa muddin yana jin kiran uwa da hirar abokai, allonsa ba zai zauna a ƙirjinsa ba. Abin da salula ta zo da shi sabo shi ne ta share wannan nisan. Yaro yana zaune gaban allo a Buza, amma kasuwa da dandali da gidan biki da filin ƙwallon Turai duk suna cikin aljihunsa, kowannensu yana jan rigarsa.

Mutanen Keita ba sa buƙatar a fassara musu misalin Gazali, domin sun gan shi da ƙafa da hannu. Kafin aikin da aka fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana gudanarwa, ruwan sama yana sauka a kan tuddan Adar, amma ba ya tsayawa. Ƙasa ta yi fako, ruwa ya bi ta kanta da gudu, ya yanka kwazazzabai, ya tafi da ɗan albarkar da ta rage. Ba a ƙara wa Keita ko ɗigon ruwan sama ɗaya ba. Abin da aka yi shi ne jera duwatsu, da haƙa ramuka a gefen tuddai, da gina madatsai, don a rage wa ruwa gudu har ya samu zarafin nutsewa. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, domin mazan suna cin rani, ana biyansu da abinci. Da haka aka farfaɗo da dubban kadada, aka dasa miliyoyin itatuwa. Jikokin waɗannan mata su ne ke cikin aji yau, kuma matsalarsu irin ta wancan fako ce. Bayani yana zubo musu fiye da yadda ya taɓa zubo wa wani zamani kafinsu, amma yana wucewa ta saman zuciya. Ayar lissafi ko ƙa'idar nahawu tana buƙatar minti goma na shiru kafin ta nutse, salula kuwa ba ta barin minti uku su cika ba tare da ta motsa ba.

Ma'abota tarbiyya suna kiran wannan hali gafala, kishiyarsa kuma hudur, wato halartar zuciya a inda jiki yake. Duk wanda ya taɓa zama wazifa ya san bambancin harshe mai motsi da zuciya mai halarta. (Ya kuma san, idan zai faɗi gaskiya, yawan lokutan da waya ta yi ƙara a tsakiyar da'ira, kuma ba aljihun yara ta fito ba.) Halarta ba ta da kashi biyu, ɗaya na masallaci ɗaya na makaranta. Yaron da ya saba da tsinkewar hankali awa shida kowace rana, da wannan zuciyar zai tsaya sallah.

Ƙasashe da dama sun kai ga irin wannan matsaya ta wata hanya daban. Faransa ta kafa doka a 2018 da ta hana amfani da waya a makarantun firamare da koleji. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a fannin ilimi ya ce kusan ƙasa ɗaya cikin huɗu tana da irin wannan hani, Holan ta biyo baya a farkon 2024, Barazil a 2025. Wani bincike da aka yi a makarantu 91 na birane huɗu a Ingila ya gano cewa sakamakon jarrabawa ya ƙaru bayan hani, kuma mafi yawan ribar ta tafi ga ɗalibai masu rauni, masu ƙoƙari kuwa ba su canza sosai ba. Wannan shi ne abin da ya fi nauyi a mizanin ɗabi'a: barin waya a aji ba kowa yake cutarwa daidai ba, mai rauni yake fara kayarwa. Sai dai da aka maimaita irin binciken a ƙasar Suwidin ba a ga wani bambanci ba. Ke nan hani ba laya ba ne da za a rataya wa makaranta ta warke.

A nan ne ake samun suka mai ƙarfi, kuma daga cikin gida take fitowa. Wani zai ce: manufar tarbiyya ita ce mutum ya mallaki ransa, ya bar abu alhali yana da ikon ɗaukarsa. Wanda aka ƙwace wa waya bai koyi haƙuri ba, an dai ɗaure masa hannu ne, kuma da ƙarfe ɗayan rana zai koma mata da yunwar da ta fi ta da. Shinge ba ya haifar da taƙawa. Wannan magana gaskiya ce. Amma a dubi kwarin Majiya a yankin Buza, inda tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro tare da ƙungiyar CARE don kare gonaki daga iska. A shekarun farko sai da aka sa masu gadi suna korar dabbobi, domin dashen da bai kai gwiwa ba akuya ɗaya ta ishe shi. Gadi bai sa itace ya girma ba, ruwa da ƙasa ne suka yi wannan. Abin da gadi ya yi shi ne ya ba shi shekarun da yake buƙata. Da itatuwan suka tashi, su ne suka koma suna tsare gero daga iska. Ɗan shekara goma sha uku da ake cewa ya yi kokawa shi kaɗai da manhajojin da manyan kamfanoni suka ƙera musamman don su riƙe ido, an haɗa shi da abin da ya fi ƙarfin ubansa ma.

Shehunai sun san amfanin shinge na ɗan lokaci, shi ya sa suka sanya halwa. Amma akwai bambanci da bai kamata a tsallake ba. Muridi da ƙafarsa yake zuwa, da yardarsa yake shiga, ya san ranar fita, kuma yana ƙarƙashin wanda ya riga shi bin hanyar. Ɗalibin koleji bai zaɓi komai ba. Saboda haka nauyin ya koma kan mai hani, kuma a nan ne mafi yawan kuskure yake aukuwa.

Wayar da aka karɓa daga hannun yaro ajiya ce. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Adar, tun daga Risala, ya yi bayanin ajiya: mai riƙe ta amintacce ne, idan ya yi sakaci ta salwanta sai ya biya. Sau da yawa wayar ma ba ta yaron ba ce, ta uwarsa ce, ko uba ne ya tara kuɗin dako na watanni ya aiko da ita. Malamin da ya fasa ta da dutse a gaban aji don ya zama darasi ya koyar da darasi, amma ba wanda yake nufi ba: ya nuna wa yara cewa mai ƙarfi yana iya ɓata dukiyar mai rauni idan ya fusata. Wanda ya riƙe ta har sai an kawo kuɗin fansa ya shiga abin da malamai suka yi saɓani mai tsawo a kansa, wato horo da dukiya, kuma ya buɗe ƙofar da shaiɗan ke son shiga. Mafi muni shi ne buɗe wayar a karanta saƙonni da duba hotuna. Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, kuma ba ta cire yara ba. A ƙauyen da kowa ya san kowa, saƙo ɗaya na yarinya da aka karanta a fili yana iya zama sanadin cire ta daga makaranta gaba ɗaya, a yankin da tun farko zaman 'ya mace har BEPC sai da ƙyar. Wanda ya jawo haka da sunan gyara tarbiyya, me zai ce ranar da za a tambaye shi?

Sannan wanda ya toshe hanya wajibinsa ne ya buɗe wata. Idan uba a Abijan yana da labari na gaggawa, ko yarinyar da ke tako daga ƙauye mai nisa ta makara a hanya, dole a samu lamba ɗaya ta makaranta da iyaye suka sani, wadda kuma ake ɗauka idan an kira. Idan yara suna ɗaukar hoton allo ne saboda littafi ɗaya mutum biyar ke rabawa, to a bar musu minti biyu a ƙarshen darasi su ɗauka da izinin malami, ko a samar da littafin. Irin wannan shawara ba ta darakta shi kaɗai ba ce. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye mata suna nan don haka, kuma dokar da iyaye suka zauna aka tsara da su, aka karanta wa yara dalilinta, ta fi daɗewa a kan wadda aka manna a bango dare ɗaya.

Sai abin da ya fi kowanne wuya. Ba a taɓa jin shehin da ya sa muridi halwa shi kuma yana kasuwa ba. Malamin da ya tara wayoyin ɗalibai a akwati, sannan ya rubuta aiki a allo ya koma kujera yana latsa tasa har a kaɗa ƙararrawa, ya rushe dokar kafin yara su rushe ta. Haka uban da ke goyon bayan hani a taron makaranta, amma tsakanin Magariba da Lisha ɗansa yana masa magana idonsa yana kan WhatsApp. Wani bincike na jami'ar Birmingham da aka fitar a 2025 ya gano cewa hani a makaranta bai rage jimillar lokacin da yara ke ɓatawa a waya ba, abin da aka hana da safe a gida ake rama shi. Rabin maganar ke nan tana hannun iyaye, kuma da yawa daga cikinsu suna cikin masu karanta wannan.

Abin da ya bayyana shi ne raba ɗalibi da salula a lokutan darasi halal ne, har ma ya fi kusa da wajibi a kan wanda aka ba amanar yara, muddin wayar tana kashe, an rubuta sunan mai ita, babu wanda ya buɗe ta, kuma ta koma hannunsa idan an tashi. Akwatin katako mai kwaɗo ɗaya ya isa aji guda, kafinta a kasuwar Madawa zai haɗa shi cikin yini. Waya ta farko da za ta shiga cikinsa kowace safiya, a gaban idon yara, ita ce ta malamin.

Allah Ya shirya zuriya, Ya ba iyayen da ke nesa ikon komowa gida lafiya.