Kada Mu Kashe wa 'Ya'yanmu Buri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Ya 'yan'uwa Musulmi, ranar Talata bayan Magariba na ji wani yaro a ƙofar masallaci yana gaya wa babansa wai shi likita zai zama, kuma a Jami'ar Maiduguri zai yi karatu, ga ta nan kusa da mu. Sai uban ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan mai tura ruwa ne, ka daina dogon buri." Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

Gaskiya ne malamai sun hana dogon buri. To amma wanda suka hana shi ne mai mantar da mutum mutuwa, ya sa shi jinkirta tuba. Burin neman ilimi da sana'ar halal kuwa niyya ce ta alheri.

Ku duba Suratu Yusuf, sura ta 12. Ƙissar da mafarkin yaro ta fara. Annabi Yakubu (AS) bai yi wa ɗansa dariya ba. Ya saurare shi, ya gargaɗe shi kada ya gaya wa 'yan'uwansa, ya kuma yi masa albishir. Sai rijiya, sai bauta, sai kurkuku, daga ƙarshe mafarkin ya tabbata a Masar. Mafarkin annabawa wahayi ne, na 'ya'yanmu ba haka ba ne, amma yadda uban ya karɓi maganar ɗansa darasi ne gare mu.

Da yawanmu mun karanta littafin Shaihu Umar a makaranta, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga a 1934. An sace Umar yana yaro, aka sayar da shi, aka ƙetare hamada da shi. A can baƙuwar ƙasa ya duƙufa ga karatu har ya zama shaihu. Shi marubucin ma malamin makaranta ne a Bauchi lokacin, ba ɗan sarki ba, amma a 1957 ya zama Firayim Ministan Nijeriya.

Mu nan Mairi baƙi ne. Wani daga Kano, wani daga Katsina, wani daga Nijar, wani kuma rikici ne ya koro shi daga ƙauyensu. Me ya sa muka zauna? Me ya sa 'yan kasuwarmu suka sake buɗe shago bayan ambaliyar Alau ta Satumban 2024? Ai fatan gobe ne. To don me za mu hana yaranmu abin da muke rayuwa da shi?

Sai dai buri ba aiki banza ne. Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali. Don haka yau, kowa ya tambayi ɗansa da 'yarsa me suke son zama. Ka saurara, ka sa albarka, ka duba littafin makarantarsu. Wanda kuɗin jarrabawa ya gagare shi, ya same mu bayan sallar Juma'a mu haɗa hannu.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya cika mana burinmu na alheri. Amin.

Sakataren Masallaci