Wa zai karɓi butar Inna?

 

Ya 'yan uwa, ranar Talatar da ta wuce muka kai Inna makwancinta. Ba sai mun faɗi sunanta ba, duk Sabo babba da yaro Inna ake ce mata, har maƙwabtanmu Yarabawa na Mokola. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, Ya ba 'ya'yanta da mu baki ɗaya haƙuri.

Tana amarya ta zo Ibadan, ta biyo mijinta mai fataucin goro. Da ya rasu ba ta koma gida ba, ta zauna ta riƙe yara da sayar da abinci har kowa ya kama abin yi. Ta ji Yarabanci kamar a nan aka haife ta, shi ya sa in naƙuda ta kama baƙuwa cikin dare, ƙofarta ake bugawa ta raka ta asibiti ta yi mata tafinta. Adashin mata a hannunta yake, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Lokacin rikicin kasuwar Sasa a 2021, ita ta tara mata suka ɗora tukwane aka kai wa waɗanda suka rasa matsuguni.

Amma aikin da muke son mu tsaya a kansa yau shi ne wanda ba a cika ambatonsa ba. Shekara da shekaru, in mace ta rasu a unguwar nan, Inna ce mai wanka. Tana da butarta da bahonta, da garin magarya da kafur, da alawayyo a ajiye saboda wadda ba ta da kowa. Ko sisi ba ta karɓa. Kuma abin da ta gani a jikin mamaciya, wallahi ba mu taɓa jin ya fita daga bakinta ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mai sharar masallacin Annabi (SAW). Ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an raina al'amarinta. Da ya daina ganinta ya tambaya, ya sa aka nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. To mu fa? Da yawanmu sai ranar Talata muka tuna akwai wannan aiki, da aka shiga neman wadda za ta wanke Inna ita kanta. An daɗe ana aike gida-gida kafin a samu dattijuwa ɗaya da ta iya, ita ma ƙafa ta hana ta tsayuwa sosai.

Wankan gawa farilla ce ta kifaya. In wasu sun yi, ta faɗi a kan saura. In kowa ya bari, laifin ya hau kanmu duka, har mai shago da ke cewa wannan ai sha'anin mata ne. A cikin Risala an kawo hukuncin macen da ta rasu a tafiya, babu mata babu muharrami: taimama kawai za a yi mata a fuska da tafuka. Wannan hukuncin lalura ne. Mu nan ba matafiya ba ne, Sabo ta haura shekara 100 da kafuwa. Abin kunya ne a ce mun koma ga hukuncin mai tafiya alhali gidajenmu cike suke da mata masu karatu.

Abin kuma ba wuya gare shi ba. Ummu Aɗiyya ta ba da labarin yadda Annabi (SAW) ya koya musu wanke 'yarsa: a fara da dama da gaɓoɓin alwala, a wanke sau 3 ko 5 ko fiye in da buƙata, da ruwa da magarya, a sa kafur a na ƙarshe. Suka kitse gashinta gida 3. Tsoro ne kawai ke hana mutane, da camfin wai mai wankan gawa ba a cin abincin hannunta. Mu dai mun ci tuwon Inna shekaru, ga mu.

Ku 'ya'yanta, biyayya ba ta ƙare da rufe kabari ba. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu, ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa. Ku yawaita mata addu'a, ku riƙe ƙawayenta, kada ku ci bashi don hidimar sadakar uku ko ta bakwai.

Sanarwa: duk mai bin Inna bashi, ko wanda take bi, ko mai zubi a adashinta, ya ga liman kafin Juma'a mai zuwa. Ranar Asabar bayan la'asar malamar Islamiyya za ta fara koyar da wanka da ɗinkin likkafani a sashen mata. Muna roƙon kowane layi ya turo mata 2, magidanta kuma a ba su izini. Akwatin kuɗin alawayyo da kafur yana bakin ƙofa wajen ladan.