Garwashin da Ya Kwana Cikin Toka

A unguwar Gwange ta Maiduguri, can gefen kogin Ngadda, idan aka sauke tukunyar dare, uwargida ba ta barin madafi sai ta zare bakin wuta ta turmusa shi a ƙasa domin kada itace ya ci a banza, sa'an nan ta tattara garwashin da ya rage tsakanin duwatsun murhu ta lulluɓe shi da toka. Wanda ya san aikin kuwa ya san tokar nan ba kashe shi take yi ba, iska kawai take rage masa, har ya kai asuba da ransa, a tone shi, a ɗora ƙirare, a hura.

To, a nan mas'ala ta taso. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni a riƙa kashe wuta idan za a kwanta. Shin mai binne garwashi ta saɓa ke nan? Imam Nawawi, cikin sharhinsa na Muslim, ya dubi illar hukuncin, watau tsoron gobara, ya ga babu laifi fitilar da aka rataye ta kwana matuƙar an amince daga sharrinta. Bisa wannan ƙiyasi, ni a ganina garwashin da ke ƙarƙashin toka mai kauri, a madafin ƙasa, ya fita daga hani. Amma wanda aka bari gindin zana, ga iskar hunturu tana kaɗawa, ga akuya a sake, mai shi ba ta da wani tawili da za ta fake a bayansa.

Mas'ala ta biyu ta fi tsaya mini a rai. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi suna tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta, sai waɗansu fuƙaha'u suka rarrabe, suka ce tarayyar tana ga haske da ɗumi da kunnawa, amma garwashi mulkin mai itace ne, yana iya hanawa. A dā wannan bambanci bai wuce zauren karatu ba, domin daji yana kusa, kuma ba a jin kunyar tura yaro maƙwabta da tsingaro ya ɗebo wuta. Amma tun da fitina ta tashi a 2009, fita saran itace bayan gari ta zama sayar da rai, an kuwa rasa rayuka a kanta. Aka yanke wa birnin lantarki a Janairun 2021. Madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shafe Gwange har murhunta. Faskaren da ke cin wuta a yau, wani ne ya shiga hatsari ya kawo shi, wata kuma ta rage cefane ta saya, saboda haka maganar fuƙaha'un nan ta sami nauyin da ba ta da shi zamanin kakanninmu.

Duk da haka ban taɓa jin wadda ta kafa hujja da ita ba, ko cikin matan malamai da suka san ta. Yaro yakan yi sallama ya ce, "Inna, wai a ba ni wuta," a ba shi. Abin da na lura ya sauya shi ne yanzu takan tsaya ta tona tokar ta zaɓi ƙarami.