Ilimin ɗan gwangwan da jahilcin mai mota

Duk wanda ya yi shekara yana tura baro a lungunan Agege ko Mushin ya san mota ba ƙarfe ɗaya ba ce. Mai ita yana ganin tsatsa ce kawai ta tare masa ƙofar gida, mu kuwa muna ganin dalma a batir, jan waya a cikin kikstata, alminiyam ko tagulla a lagireto. Maganaɗisun da ke aljihunmu ma ya isa ya raba mana su, abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, abin da ya ƙi kamawa shi ne kuɗin. Sai kuma wanda kanikawa ke kira indomi, abin nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin bututun salansa. Aikinsa tace hayaƙi, kuma an shafa masa ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa kuɗinsa ba na kilo ba ne.

To, idan mai mota bai san haka ba, muka ɗora duka a sikeli muka biya shi farashin baƙin ƙarfe, mun ci halas?

Da yawa cikinmu za su ce ai ciniki ne, ya sallama, mun biya. Maganar tana da ƙarfi, kada a raina ta. Ilimin nan ba sadakarsa aka ba mu ba. Da yankan hannu muka saye shi, da ruwan batir da ya cinye mana riguna, da asarar ranar da aka kai kaya Owode Onirin aka tarar farashi ya faɗi. Ba wanda ke tilasta wa ɗan Ladipo ya faɗi nawa ya saro kayansa, me zai sa a ce mu sai mun buɗe wa mai kaya makaranta?

Amma mu duba yadda cinikin ke gudana a zahiri. Shiru ba kasafai muke yi ba. Mukan buga abin da ƙafa mu ce, "Oga, wannan kwandem ne." Wannan kalma shaida ce muka bayar, kuma mai kaya ya karɓa ne don ya ɗauka mun fi shi sani. In mun san kikstatar nan gobe za a wanke ta da fetur a jera ta a shago, to ba ilimi muka ci ba, yardarsa muka ci. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa an hana tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su shiga kasuwa su ji farashi. Can ma sallamawa suke yi da bakinsu, duk da haka aka hana, domin an yi amfani da rashin saninsu ne. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata tsohuwar mota a tsakar gida, ita ma ba ta kai kasuwa ba tukuna.

A ganinmu iyakar a nan take: ba dole mu faɗi ribarmu ba, amma dole mu kira abu da sunansa. A ce, "Mama, wannan na sikeli ne, wannan kuwa daban ake sayensa, ga abin da za mu bayar." Ta yarda ko ta je ta tambaya. Riba za ta ragu, ba shakka.

Akwai kuma wata arahar da ta fi wannan muni. Yaron bakanike ya zo da magariba da indomi a leda, yana waige-waige, ko tayi bai tsaya yi ba. Shi ba jahili ba ne, ya san kuɗin abin, arahar ta zo ne don ba nasa ba ne. Ranar da mai mota ya ji ƙarar salansarsa ta canza, ba sunan yaron zai kira ba, "aboki" zai ce, kuma 'yan sanda in sun shigo unguwa ba sa tambayar wanda ya saya da wanda ya ƙi. Baron kowa suke kwashewa, har da na yaron da ya sauka daga mota makon jiya bai ma san mene ne indomi ba.