Ƙaryar da Ke Sallama Kafin Ta Shigo

Wata Alhamis, ranar kasuwar Batsari, na tsaya a rumfar masu tura finafinai in karɓi wayata da na bayar caji, sai na tarar da samari huɗu suna musu kamar za su ba hammata iska. Wai wane kashi ne ya fi daɗi a cikin Merlin, fim ɗin nan mai dogon zango da tashar BBC ta Ingila ta nuna daga 2008 zuwa 2012, kashi 65 a zango biyar. Mu ya iso mana ne a memori, da fassarar Hausa, bayan masu shi sun daɗe da gamawa da shi. Ɗaya ya ce babu kamar na kofin guba, inda Merlin ya shanye abin da aka shirya wa ubangidansa Yarima Arthur. Ɗaya ya ce na ƙarshe, don har ƙwalla ya yi. Sauran biyun 'yan garinmu ne, Yasore, kuma bakinsu ɗaya: kashi na goma a zangon farko. Ban sa musu baki ba, amma na san dalilinsu, domin ni ma shi na fi maimaitawa.

Ga abin da ke ciki. Ƙauyen su Merlin, Ealdor, ƙauyen manoma ne a bakin iyaka. Wani ɗan fashi mai suna Kanen yakan zo da mutanensa a kan dawakai ya kwashe amfanin gona, wanda ya ɗaga kai a doke shi. Uwar Merlin ta yi tattaki har fada ta durƙusa gaban Sarki Uther. Sarki ya saurare ta, ya nuna tausayi, sannan ya ce ƙauyen ba a ƙasarsa yake ba, in ya tura dakaru ya tsokano yaƙi da maƙwabci. Sai Merlin da abokansa uku, har da Arthur, suka tafi da kansu, suka koya wa manoma riƙe makami, har mata suka ce su ma ba za a bar su a ɗaka ba. Da faɗa ya yi tsanani, 'yan fashi suka fara rinjaye, Merlin ya ɗaga hannu ya tayar da guguwa ta watsa su.

Duk wanda ya taɓa kwana da takalmi a ƙafa a gefen dajin Rugu ba ya buƙatar a fassara masa wannan kashi. In aka zo wurin guguwar, sai ka ji yara sun ɗauki ihu, wani ma har kabbara yake yi.

Wannan kabbarar ce ta haɗa ni da Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, a zaurensa na yi Ahalari da Ishmawi, kuma har yau in na shiga sai na tuɓe takalmi tun daga waje. Ya ji jikokinsa suna wannan ihu, ya tambaya, aka ce ai wayar malamin makarantarsu ce, wato ni. Ya aika aka kira ni.

"Ɗan nan," ya ce, "kai da ake ba amanar yara, kai ne ke tara su suna yi wa boka kabbara?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, labari ne kawai."

"To, labarin gaskiya ne?"

"A'a."

"Ashe abu biyu ka haɗa musu, ƙarya da sihiri. Wanne ne a ciki ka ga an halatta?"

Ban ba shi amsa a ranar ba. Ba a yi wa Kawu gardama da zafi-zafi, kuma gaskiya ba ni da amsar a hannu. Hujjojinsa ba na wasa ba ne. Akwai aya ta shida a Suratu Luƙman da ke zargin mai sayen zancen shagala don ya kautar da mutane daga hanyar Allah, kuma malaman tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne a kan Nadru ɗan Harisu, Baƙuraishen da ya kwaso labaran Rustum da Isfandiyar daga ƙasar Farisa, yana tara mutanen Makka yana ba su don kada su saurari Alƙur'ani. Akwai hadisin da ya yi narko a kan mai shara ƙarya don ya ba mutane dariya. Sihiri kuwa ba sai an faɗa ba, yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa.

Ta fuskar ƙarya na fara samun bakin zaren, kuma a kan shantar Kawu na same shi. A cikin littattafansa akwai Muƙama ta Hariri, mai jar takarda, gefenta duk ya cinye saboda buɗawa. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, kuma muƙamominsa hamsin duk a kan wani tsoho ne, Abu Zaidu, cikin ƙagaggun labarai: yau ya fito a mai wa'azi, gobe a makaho, jibi ya kai ɗansa ƙara gaban alƙali don su damfari alƙalin. Hariri da kansa ya san za a zarge shi, shi ya sa tun a gabatarwa ya kare kansa da cewa abin da ya yi bai bambanta da labaran da ake sa wa dabbobi a baki ba, waɗanda ba a taɓa jin an ɗora wa mai ba da su laifi ba. Ɗaruruwan shekaru ke nan malaman zaure a Katsina da Kano da Sakkwato suna karantar da wannan littafi, ba a ce sun karantar da ƙarya ba.

Da na kai wa Kawu wannan, cikin ladabi, sai ya yi murmushi. Ya ce, "Muƙama don lugga ake karanta ta. Wanda ya sauke ta ya mallaki Larabci. Wanda ya sauke naka fa, me ya mallaka?" Na yi shiru. Kawu ba ya faɗuwa sau ɗaya.

Amma ni abin da na riƙe shi ne, ƙarya ba ta zama ƙarya sai mai yin ta yana so a gaskata shi. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa fara tatsuniya ba sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu kuma mu amsa mu ba ta izini. In ta gama sai ta rufe da ƙurunƙus, ta ɗora wa Gizo alhakin duk abin da ta shara mana. Wato labarin yakan yi sallama a bakin ƙofa, ya faɗi sunansa, in zai tafi ya yi bankwana. Ko yaro ɗan shekara biyar bai taɓa fita da safe neman gidan Ƙoƙi ba. Sannan aka kewaye abin da shinge: ba a tatsuniya da rana, wai mai yi zai ɓata. Da na girma na gane ba wanda ke ɓata, aiki ne ba a so ya ɓaci. Rana ta gona ce da allo da surfe. Sai an ci tuwo, an yi lisha, sannan Gizo ke da izinin fitowa.

A nan dole in sallama wa Kawu rabin magana. Waya ba ta da wannan shinge. Na ga saurayi a gindin bedi, ana kiran azahar, ya toshe kunnuwa yana cewa bari wannan kashin ya ƙare, alhali in ya ƙare wani ne ke biye. Laifin Nadru ai ba Rustum ba ne, inda ya ajiye Rustum ne. Wanda ya ajiye Merlin a wurin salla ya shiga ƙarƙashin ayar, ko da fim ɗin tarihin gaskiya ne.

Sai dai na ga wani amfani na labari da idona, wanda ba zan iya musunsa ba ko don in faranta wa Kawu. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ba kira ba saƙo. Waya ta koma fitila da akwatin kallo. Dare kuwa ya yi tsawo. In kare ya yi haushi a bayan gari, kowa sai ya miƙe zaune. A irin wannan dare babban aiki shi ne a riƙe yara a ɗaka, shiru, kada wani ya fasa kuka, kada wani ɗan shekara sha huɗu ya ce zai leƙa ya gani. Matata takan tara su a ƙuryar ɗaki, ta kunna musu fim a waya, ta rage murya har sai an kasa kunne, ta lulluɓe su da zane ɗaya don kada haske ya fita ta ƙofa. Kawuna shida a ƙarƙashin zane, ba ka jin komai sai numfashi.

Wani dare ina zaune a bakin ƙofa sai akun Magana Jari Ce ya faɗo mini a rai. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a nan Katsina kafin ya koma Zariya, ya gina littafin farko ne a kan wannan dabarar: an tafi yaƙi, an bar Musa ɗan sarki a gida, waziri ya ƙulla masa makirci a waje, shi kuma kullum dare sai ya yi ɗamara zai fita. Aku ba shi da takobi, ba shi da ƙarfin tare ƙofa. Labari kawai yake jawowa, in ya ƙare ya jawo wani, har gari ya waye. Mun karanta shi a firamare, daga baya na ga wasan da NTA Kaduna ta yi da shi, wanda marigayi Ƙasimu Yero ya fito a ciki, a talabijin marar kala a gidan wani ɗan uwa a birni. Ban taɓa ɗaukar akun nan da muhimmanci ba sai a wannan daren. Da tatsuniya ya tsare ran yaro.

Saura sihiri, kuma a nan ne ƙafata ba ta tsaya daidai ba. Kallon boka a fim ba zuwa wurin boka ba ne, kamar yadda karanta labarin matsafan Fir'auna ba koyon tsafi ba ne. Amma matsafan Fir'auna an nuna su ne suna faɗuwa, Merlin kuwa shi ne gwarzo. Kuma na lura da abin da yaran ke so a kashi na goma. Ba tattakin uwar ba ne, ba manoman da suka tsaya ba ne. Guguwar ce. Su ja baya su sake kallon ta, su sake.

Akwai wani tsohon ɗalibina, yaro mai hankali, wanda ya shiga 'yan sa-kai bayan an kore shanun gidansu. Ya sayar da buhu biyu na gero ya kai wa wani mutum a wani ƙauye, aka ɗinka masa riga. Ya kawo mini ita in gani: 'yar shara ce ta saƙi, an jera mata layu gaba da baya, an rufe su da jar fata, tana warin turare da wani abu kamar ƙaho da aka ƙona. Ga guru, ga kambu. An ba shi sharuɗɗa: kada ya ci miyar kuɓewa, kada mace ta tsallake rigar, kada ya waiwaya in an fara. Ya ce an gwada a kan akuya a gabansa, harsashi bai shiga ba. Na ce masa wa ya ɗura bindigar? Ya yi dariya, ya ce Malam ke nan.

Yanzu yana ɗingishi, a cinya ta same shi. Da 'yan uwansa suka koma wurin mai rigar, sai ya ce a bincika, lalle yaron ya karya sharaɗi.

Ba zan ce fim ne ya kai shi ba. Maganin ƙarfe da 'yan tauri sun girmi talabijin nesa ba kusa ba, kuma kakanninmu da suka yi zamani da hare-hare a wannan yanki na Ruma ba Merlin suka kalla ba. Amma yunwa ɗaya ce ke kai mutum wurin duka biyun: ka gaji da zama wanda ake yi wa, kana so ko sau ɗaya ka ɗaga hannu abu ya faru. Mai tura fim ya karɓi 'yan canjinka ya ba ka wannan a matsayin labari, kai da shi kun san labari ne. Mai riga ya karɓi geronka, ya rantse, bai yi sallama ba, ba zai kuma ce ƙurunƙus ba. Hadisin da ya ce ba a karɓar sallar kwana arba'in daga wanda ya je ya tambayi boka, wannan na biyun yake nufi. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, a garinmu an fi saurin yi wa na farkon wa'azi.

Shi kansa fim ɗin bai yi wa sihiri alƙawarin da mai riga ya yi ba. A kashi na ƙarshe, duk ƙarfin Merlin bai hana Arthur mutuwa a hannunsa ba. A kashi na goman ma, bayan guguwa ta lafa, Kanen yana kwance ya saki kibiya zai kashe Arthur, kuma abin da ya tare ta ƙirjin wani saurayi ne ɗan ƙauyen, Will, abokin Merlin na yarinta. Yana gargarar mutuwa ya ce shi ne ya tayar da guguwar, domin ya san hukuncin mai sihiri a ƙasar Uther kisa ne. Yaran sukan wuce wannan wurin da sauri. Matata kuwa nan take tsayawa.

Bayan sallar layya da ta wuce na sami Kawu shi kaɗai a zaure, na ce ina roƙon alfarma ya kalli kashi ɗaya, in ya so ya yanke hukunci a kan abin da ya gani. Ya ɗan yi jim, ya sa tabarau, ya riƙe wayar nesa da fuska kamar mai duba rubutun da bai yarda da shi ba. Da uwar ta durƙusa gaban sarki ya ce, "Hm." Da aka zo guguwa ya ce a'uzubillahi, amma bai ajiye ba. Da aka ɗora gawar Will a kan itace ya ɗago kai.

"Ƙona shi za su yi?"

"Al'adarsu ce, Kawu."

Ya girgiza kai. Can ya ce, "Ƙaryar da yaron nan ya yi don ya tsare ran abokinsa, wannan malamai ba su yi saɓani a kanta ba." Ya cire tabarau ya miƙo mini wayar. "Na bokan kuwa ina nan a kan bakana. Kashe ta, an kira la'asar. Miƙo mini buta."