Haya Tsakanin Takardar Hukuma Da Hukuncin Shari'a

Akwai maganar da ta yawaita a bakin masu gidajen haya da masu ba da hayar gonaki a Bakori, har zuwa Funtuwa da Malumfashi, wai dokar gwamnati daban, addini daban, don haka wanda ya kauce wa takardar hukuma bai saɓa wa Allah ba. Maganar tana bukatar a auna ta.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Mai riƙe da takardar gwamna ba ya da ikon sayar da filinsa, ko jinginar da shi, ko miƙa shi ga wani, sai da izninsa. Mai riƙe da fili bisa al'ada kuwa, ƙaramar hukuma ce ke ba shi izni. A 1989, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka ƙulla babu wannan izni.

To, malaman Malikiyya sun ɗauki haya tamkar ciniki, abin da ya haramta can ya haramta nan, kuma garari yana ɓata ciniki. Ke nan wanda ya san riƙonsa ga fili ba zai tsaya a gaban alƙali ba, ya ɓoye, ya karɓi kuɗin shekara uku daga ɗan kasuwar da zai tara masara a shagon, ya jefa ɗan'uwansa cikin garari. Laifinsa a nan ya wuce saɓa wa gwamna, domin dukiyar Musulmi ya ci da yaudara. Gaskiya ne neman izni yana da jinkiri da kashe kuɗi, kuma mai ɗaki biyu na haya ba zai tafi Katsina neman sa hannu ba. Amma rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu ba ya cin ko kwabo, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Sai dai cikar takarda ba ta wanke kowa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa idan gida ya rushe kafin wa'adi, hayar ta warware a sauran kwanakin, amma mutuwar mazaunin gidan ba ta warware ta. Mai gidan da ya fitar da mai takaba da marayunta alhali mamacin ya biya shekara, ya yi zalunci ko da hatimi goma ne a aljihunsa.

Haka kuma hayar gona. Hukuma ba ta damu da abin da aka biya da shi ba, amma Imamu Malik ya hana ba da hayar ƙasa a kan abinci, watau gona a kan buhu kaza na masara ko dawa in kaka ta yi. Da kuɗi sananne ake ƙulla ta, zuwa damina sananniya.