Na Gangare Ma Mutum Ne

'Yar'uwa, ruwan sama ba ya zaɓen gida, amma ambaliya kamar tana da ido. Sai ta tsallake mai ginin siminti a kan tudu, ta nufi ɗakin ƙasa na matar da ke bakin fadama. Me ya sa?

Dubi Kogin Haɗejiya. A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Kano, a 1992 kuma ta Challawa. An samu noman rani, birni ya samu ruwan sha. Wannan alheri ne, babu musu. To amma kogin da a da yakan cika da damina ya janye da rani, sai ya zama ana sako masa ruwa har da rani. Nan ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa. Wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, tsuntsayen jan-baki kuma suka samu maɓuya suna cinye shinkafa da gero. Ga damina ta canja hali, ruwan kwanaki sai ya sauko a dare ɗaya. A 2020 da 2022 mutanen Auyo da Haɗejiya da Kiri Kasamma sun ga tashin hankali. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Wa ya fi jin jiki? Wadda gadonta da kwanukan jerenta suka tafi da ruwa, rumbu ya rushe, ta kwana da yara a ajin makaranta. Ba ta da mota, ba ta da masana'antar da ke turnuƙe sama da hayaƙi, amma ita ke biyan bashin da ba ta ci ba.

Wasu za su ce ai an raba shinkafa da tabarmi. Madalla. Sai dai tausayi daban, adalci daban. Tausayi yana zuwa bayan ɗaki ya faɗi. Adalci shi ne a tambayi na gangare kafin a yi jinga, a sanar da shi kafin a saki ruwa, a yashe kogi tun da rani.

Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ke kin san lungun da ruwa ke fara shigowa. Idan za a yi taro a ƙofar mai unguwa, ki aika da maganarki, ko ta bakin maigida, ko ta ƙungiyarku ta mata. Kada a yanke hukunci a kan ɗakinki kina shiru.